Inda Gani Bai Kori Ji Ba: Ɗalibi Makaho A Ajin Ilmin Halayyar Ɗan Adam

Akwai wata kalma guda wadda ta fi kowace wahalar da ɗalibi makaho a kwaleji, ba kuwa ɗaya daga cikin dogayen kalmomin nan na Turanci ba ce da malaman jami'a ke taunawa. Kalmar ita ce "wannan". Malami zai juya wajen allo ya zana ƙwaƙwalwar mutum da alli, ya ɗora ɗan yatsa a wani wuri ya ce wannan sashe shi ke aika saƙo zuwa wancan, sa'an nan saƙon ya biyo ta nan ya sauka can. Ɗalibai su gyaɗa kai su kwafe. Shi kuwa wanda ke zaune a layin gaba da rakodarsa a kan tebur, in ya koma ɗaki da dare ya kunna, abin da zai ji ke nan: wannan, wancan, nan, can. Ya zo aji a kan kari, bai yi gyangyaɗi ba, kuɗin makaranta ma ya biya daidai da kowa, amma darasin ranar ya bi ta bisa kansa ya wuce.

Matsalar ta fi tsanani a fannin da ake kira ilmin halayyar ɗan Adam, watau ilmin da ke binciken yadda mutum ke gani da ji, da yadda yake koyo da tunawa da mantuwa, da yadda hankalin yaro ke girma. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe masa sashe na kansa a Nijeriya a 1964. Amma ba masu neman digiri a cikinsa kaɗai ke karatunsa ba. Duk mai neman takardar shaidar malanta ta NCE, ko Hausa yake karantawa ko Larabci ko Tarihi, tilas ya bi ta cikinsa, ya kuma haɗa da darasin auna ƙwazon ɗalibai da lissafin ƙididdiga. Da yake malanta na cikin ayyukan da makafi masu ilmin boko suka fi shiga, wannan ƙofa ba ta kewayuwa.

Ina Ruwan Mazauna Kurmi?

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan mai sayar da goro a Agege, ko mahaucin Ibadan, ko ɗan canjin Sabo da maganar allo da alli? Da ruwansu ƙwarai. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40 ko fiye, akwai makafi sama da miliyan 1. Arewa maso Gabas ce ke kan gaba da kimanin mutum 6 cikin 100, Kudu maso Yamma kuwa ba ta kai 3 cikin 100 ba. Masu binciken sun ce fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan makanta da an iya hana ta ko a warkar da ita, yanar ido kuma ita ce ta fi kowace cuta ɓarna.

Ciwon dai a Arewa ya fi yawa, amma masu shi ba a Arewa kaɗai suke zaune ba. Wanda ya san Titin Kano a Ebute Metta, ko ya taɓa yin Juma'a a unguwar Sabo ta Ibadan, ba ya bukatar a gaya masa. Wani masanin al'adu daga Ingila, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya tarar makafin unguwar suna da sarkinsu da tsarin zamansu a ƙarƙashin Sarkin Sabo.

Abin mamaki shi ne, wasu daga cikin manyan wuraren karatun makafi na ƙasar nan suna daf da waɗannan unguwanni. Makarantar Pacelli ta yara makafi an buɗe ta a Surulere a 1962. A Oshodi akwai wurin koyon sana'a na Ƙungiyar Taimakon Makafi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955. A 1977 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe kwaleji a garin Oyo musamman domin horar da malaman makafi da kurame da sauran masu larura, inda su ma masu larurar suke zaune aji ɗaya da masu ido. Daga Sabo zuwa Oyo kimanin kilomita 50 ne, bai kai ma daga Kano zuwa Zariya ba.

Ba za a ɓoye ba, ɗaya daga cikin abubuwan da suka daɗe suna sa iyaye ɗari-ɗari shi ne makarantun farko na makafi na mishan ne, kamar ta Gindiri wadda aka buɗe a 1953. Amma daga Gindirin nan Bitrus Gani-Ikilama ya fito, wanda ƙyanda ta makantar yana ƙaramin yaro, ya je London ya koyo aikin gashin ƙashi, har ya shugabanci wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano kuma Jibrin Isa Diso, makaho, ya kai matsayin farfesa a sashen ilmi na musamman na Jami'ar Bayero. Ita kuwa kwalejin Oyo ta gwamnati ce, da kuɗin kowa aka gina ta.

Ƙofar shiga ma ta ƙara buɗewa. Daga 2017 hukumar JAMB ta ɗora wa wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola alhakin shirya wa makafi jarrabawarsu a cibiyoyi na musamman. Masu zamanta a shekara 'yan ɗaruruwa ne, cikin kusan mutum miliyan 2 da ke neman shiga. A watan Janairu na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu larura bambanci, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati, tun daga firamare har jami'a, su tanadi ma'aikaci mai horo da kayan aiki dominsu. Sai dai doka iyakarta ƙofar aji. In an shiga, daga malami sai ɗalibinsa.

Gyaran Farko Ba Ya Cin Ko Kwabo

Gyaran farko a bakin malami yake. Maimakon "wannan sashe", ya ce sashen ƙwaƙwalwa da ke can ƙeya, wanda ke karɓar saƙon ido. Maimakon "kamar yadda kuke gani a nan", ya faɗi abin da ake ganin. Duk abin da hannunsa ya rubuta a allo, bakinsa ya maimaita. A zauren da ya ɗauki ɗaruruwan ɗalibai, na layin baya ma ai ba ganin allon suke yi ba, saboda haka ba makaho kaɗai zai ci moriyar ba.

Akwai kuma wani ƙaramin tarko da mai ido ba ya lura da shi, watau sunayen masana. Wannan fanni cike yake da sunayen Faransawa da Jamusawa waɗanda rubutunsu daban, furucinsu daban. Ɗalibin da ya shekara yana jin ana cewa "Piyaje" ba yadda za a yi ya san Piaget ake rubutawa, sai fa in an jera masa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ranar jarrabawa ya rubuta yadda ya ji, mai dubawa ya ɗauka bai yi karatu ba.

Sa'an nan ba duk wanda ake kira makaho ne ba ya ganin komai. Da yawa suna da sauran gani, wani yana rarrabe haske da duhu, wani yana karanta manyan haruffa in ya kawo takarda kusa da fuska. Abin da zai amfani wannan ba shi zai amfani wancan ba. Malamin da ya kira ɗalibinsa ofis a makon farko ya tambaye shi da me yake karatu, da yatsa ko da kunne ko da gilashin ƙara girma, ya rage wa kansa rabin aikin.

Darasin Da Yatsa Ke Karantawa

Zanen ƙwaƙwalwa da ya gagara a allo ba ya gagara a hannu. Da yumɓu akan gina ta, a manna wa kowane sashe abin da zai bambanta shi, wannan yashi, wancan gero, wancan ƙyalle. Jijiyar da ke ɗaukar saƙo a jiki kuwa, igiya da 'yan duwatsun ado da aka jera a kanta da ɗan rata a tsakani sun isa su nuna yadda rigar kitsen da ke lulluɓe da ita take gaɓa-gaɓa. A ɗakunan gwaji na ƙasashe da dama ƙwaƙwalwar rago ake ba ɗalibai, bayan an jiƙa ta a magani ta yi tauri, domin tsarinta ya yi kama da ta mutum. Kan rago kuwa ba abin da za a yi odarsa daga Ingila ba ne, a garin da 'yan Arewa ke riƙe da mayanka.

Inda malamai suka fi ɗaga hannu su ce nan kam ba dama shi ne babin ruɗin ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma wannan babi aikinsa ke nan ya nuna cewa shi ma ganin yana yi wa mai shi ƙarya. Mafi shahara cikin misalansa shi ne wanda wani Bajamushe, Müller-Lyer, ya fito da shi a 1889: layi biyu ne masu tsawo ɗaya, ɗaya an yi masa kan kibiya a kowane ƙarshe, ɗayan kuma an buɗe bakinsa biyu kamar gwafa. Kowa ya duba zai rantse mai gwafar ya fi tsawo. To, in aka manna tsinken tsintsiya a kan kwali aka yi siffar nan, aka ba makaho ya bi da yatsa, shi ma haka zai ce. Wani masani mai suna Géza Révész ya nuna haka tun 1934, bincike na baya kuma ya tabbatar da shi har a kan waɗanda aka haifa ba su gani. Ashe ba a ƙwayar ido kaɗai yaudarar take ba. Ajin da ke da makaho a ciki ya sami hujjar da littafi sai dai ya ba da labarinta.

Irin waɗannan suna da yawa, kayan aikinsu kuma ba su wuce na kicin ba. A sami ƙaramin gwangwanin tumatir da babban gwangwanin madara, a zuba musu yashi har nauyinsu ya zo daidai a kan sikeli, a rufe. Duk wanda ya riƙe su a tafin hannu ya ɗaga zai ce ƙaramin ya fi nauyi. Wani likitan Faransa, Charpentier, ya bayyana wannan a 1891. Ko a ɗora babban yatsan tsakiya a kan manuni a gicciye, a murza ƙwayar gyaɗa guda a tsakaninsu, sai a ji kamar biyu ce. Wannan tun zamanin Aristotle aka san shi. Ko a jera ƙwarya uku, ta ruwan ɗumi da ta ruwan sanyi da ta ruwan randa a tsakiya, a tsoma hannu ɗaya a ta farko, ɗaya a ta biyu, bayan ɗan lokaci a mai da su duka ta tsakiya. Hannu ɗaya zai ce ruwan da sanyi, ɗayan ya ce da ɗumi, alhali ruwa ɗaya ne.

Haka kuma gwajin nan na Weber na 1834. Tsinken sakace biyu ake ɗorawa a fata tare, ana matso da su kusa da juna har mutum ya ce guda yake ji. A kan ɗan yatsa, ratar milimita 2 zuwa 3 ta isa a ji biyu ne, a gadon baya kuwa sai ta kai wajen milimita 40. A wannan gwaji masu ido ne ke bukatar a ɗaure musu fuska da ƙyalle, makaho kuwa a shirye ya zo. Shi ma gwajin Piaget na ƙananan yara, inda ake dunƙula yumɓu biyu daidai wa daida, a mulmula ɗaya ya yi tsawo a gaban yaro, yaron da bai kai wajen shekara 7 ba ya ce mai tsawon ya fi yawa, da hannu ake yinsa, amsar kuma da kunne ake jin ta.

Bangon Da Ake Ji Da Kunne

Kowa ya taɓa ganin makaho yana tafe, kafin sandarsa ta taɓa bango ya ja ya tsaya. Turawa sun yi kusan shekara 200 suna gardama a kan wannan. Diderot na Faransa ya yi maganarsa a 1749, aka daɗe ana cewa fatar fuska ce ke jin matsin iska, su kansu makafin da yawa haka suke cewa, wai kamar inuwa ce ke sauka a goshinsu.

Wanda ya taimaka aka raba gardamar ɗalibi ne makaho, Michael Supa, a sashen ilmin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Cornell a Amurka, tare da abokin karatunsa mai ido, Milton Cotzin, da malaminsu Karl Dallenbach. Suka sami dogon zaure suna kafa katon allo a wurare dabam-dabam, mutum huɗu suna tafiya wajensa, biyu makafi, biyu masu ido an ɗaure musu fuska. Da aka lulluɓe musu fuska da hannuwa da mayafi mai kauri, ba abin da ya canja, suna tsayawa kafin su kai. Da suka tuɓe takalma suka bi ta kan kafet, sai abin ya ragu. Da aka toshe musu kunne, sai kowa ya riƙa cin karo da allon. Daga ƙarshe aka zaunar da mutum a wani ɗaki dabam da na'urar saurare a kunne, wani ya ɗauki makirufo yana tafiya wajen allon, na zaunen ya iya faɗin lokacin da aka kusa. Fuskarsa ba ta wurin, kunnensa kaɗai ke can. Aka buga sakamakon a 1944, da sunan Supa a farko. Amsa-kuwar takun ƙafa ce ke dawowa daga bango, kamar dai yadda jemage ke yi a duhu.

Da Dallenbach ya ce wa Supa ya zauna gefe domin aikin ɗakin gwaji na masu ido ne, da an ƙara daɗewa ana gardamar.

Littattafan fannin suna ɗauke da wasu labaran makafi. A 1688 wani mutumin Ireland, William Molyneux, wanda matarsa ta makance, ya tambayi John Locke: wanda aka haifa makaho, ya san ƙwallo da ɗan akwati da hannu, in idonsa ya buɗe zai iya rarrabe su da kallo kawai? Sai a 2011 aka sami amsa mai ƙarfi, daga yara 5 a Indiya da aka yi wa aikin ido. A kwana biyun farko ba su iya ba, amma cikin 'yan kwanaki suka fara iyawa. A 1996 kuma Norihiro Sadato da abokan aikinsa suka nuna cewa sashen ƙwaƙwalwar nan na ƙeya, wanda aka sani da aikin gani, yana tashi aiki sa'ad da makaho ke karatu da yatsa. A nan sai malami ya yi hattara. Ranar da aka zo wannan babi, idon aji duka kan koma kan mutum ɗaya. In zai ba da labarin kansa, a nemi yardarsa tun kafin a shiga aji, domin karatu ya zo yi, ba a kawo shi don a yi misali da shi ba.

Haka nan yabon da ake yi wa makafi na ƙarfin hadda. Gaskiya ne ƙasar Hausa ta ga mahaddata makafi ba iyaka, ta kuma ga Aliyu Namangi na Zariya wanda ya tsara Imfiraji ba tare da ya ga baƙi ko ɗaya ba. Amma wannan aikin yau da gobe ne, ba wata ƙwaƙwalwa dabam aka ba su ba. Sau da yawa kuma yabon kan zama hujjar ƙin yi musu tanadi, a ce ai wane ba ya bukatar littafi, da ya ji ya riƙe. Ba wanda zai haddace jadawalin ƙididdiga mai layi 30 daga ji ɗaya.

Gagarabadau

Ƙididdigar nan ita ce gagarabadau. A makarantu da dama tun daga sakandare akan ɗauke wa makaho darasin lissafi, bisa zaton an yi masa alheri. Sai ya iso kwaleji ya tarar ana maganar matsakaicin maki da yadda makin aji ke bazuwa, shi kuwa ko alamomin lissafi na rubutun makafi ba a koya masa ba. Ba wai babu su ba ne. Abraham Nemeth, makaho kuma malamin lissafi a Amurka, ya tsara nasa a 1952, Nijeriya kuma tun 2005 ta karɓi haɗaɗɗen tsarin rubutun makafi na Turanci wanda ya ƙunshi alamomin lissafi. Masu koyar da su ne suka yi ƙaranci.

Zane-zanen ba su ne masu wuya ba. Shahararren zanen nan mai kama da ƙwarya a kife, wanda ke nuna yawancin mutane a tsakiya suke, ƙalilan a gefe da gefe, igiya da gam da kwali sun gama da shi. Murafun kwalba da aka ɗora bisa juna sukan tsaya a madadin ginshiƙan da ake zanawa. Allon katako mai jerin ƙusoshi da robar ɗaure kuɗi yakan nuna layin da ke hawa da mai sauka. Jadawali ne mai ba da wuya, domin mai ido yakan share shi da kallo ɗaya sama da ƙasa, mai ji kuwa sai lamba ɗaya bayan ɗaya. Mai karanta masa tilas ya riƙa faɗin sunan layi da sunan gida kafin kowace lamba, in ba haka ba sai su zama tsaba a kunne.

Kwamfuta ta kawo sauƙi. Akwai manhajoji masu karanta abin da ke fuskarta da murya: JAWS ta kuɗi ce mai tsada, NVDA kuwa, wadda wasu samari makafi biyu na Ostareliya suka yi, kyauta ake samunta tun 2006. A New Zealand akwai malamin ƙididdiga makaho, Jonathan Godfrey na Jami'ar Massey, wanda ya ƙera manhajar da ke mai da zanen ƙididdiga bayani da kalmomi. Amma fa duk wannan ya dogara ga abin da aka ba na'urar. In wakilin aji ya ɗauki hoton takardar malami a karkace ya tura ta WhatsApp, ga mai ido darasi ne, ga na'urar makaho kuwa hoto ne kurum, in ma ta yi ƙoƙarin tsinto haruffan, a kan jadawali da alamomin lissafi take tuntuɓe.

Littafi Da Jarrabawa

Rubutun da Louis Braille ya ƙago a 1824 yana ɗan shekara 15 ɗigo 6 ne kacal a kowane gida, ana jujjuya su su ba da siffa 63. Yana da cin wuri: shafi ɗaya na bugu yakan ci biyu zuwa uku, takardar kuma mai kauri, saboda haka littafin da mai ido ke saƙalawa a hammata, na makaho sai a cika kwali. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana kukan cewa littattafan da ake mayarwa yadda makaho zai karanta ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017, da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, sun ba da damar a mai da littafi rubutun makafi ko murya ba sai an jira izinin mai shi ba. Saura mai yi. Kuma ko an yi, lokaci ne abin dubawa. Takardar da ta iso hannun ɗalibi mako uku bayan an wuce babin, ta zama maganin da ya zo bayan an yi jana'iza. Malamin da ya ba shi abin da ya buga a kwamfuta kwana biyu kafin lacca ya fi wanda ya yi masa alkawarin injin buga rubutun makafi baɗi.

Ranar jarrabawa kuwa, tsofaffin ɗalibai makafi sun san azabar tafireta. Mutum ya yi sa'a uku yana bugawa, ba ya iya komawa ya duba abin da ya rubuta, in kuma zaren tawada ya bushe a tsakiya, farar takarda zai miƙa bai sani ba. Mai rubuta masa ma ba a rasa matsala: in ya san fannin a yi zargin ya taimaka, in bai sani ba ya ɓata kalmomin. Ƙarin lokaci haƙƙi ne, domin karatun yatsa ya fi na ido jinkiri. Tambayar da ta ce a zana ido a sa sunan sassansa kuwa, sai a juya ta: ya bayyana hanyar da haske ke bi daga shigarsa ido har saƙo ya isa ƙwaƙwalwa, ko a ba shi siffar yumɓu ya faɗi sunan duk inda aka ɗora masa yatsa. Wannan ba ta fi waccan sauƙi ba, wataƙila ma ta fi ta tsauri.

Haka ya kamata. Ɗalibi makaho iri biyu na malamai ke cutarsa. Akwai wanda ya manta da shi ɗungum, akwai kuma wanda ke jin tausayinsa har ya ba shi makin da bai ci ba, ya ce a bar shi ya wuce, ai ya yi ƙoƙari. Na biyun nan sadaka ce aka sa wa rigar jami'a, kuma ita ce ɗalibin ya baro a bakin titi. In labari ya bazu cewa takardar makafi ta tausayi ce, wanda ya ci da guminsa ma shugaban makaranta zai karɓi takardarsa ya ce ya dawo wata rana.

Ba kuma za a ce komai na juyuwa ba. Launin da ke saura a ido bayan an daɗe ana kallon jan ƙyalle, ba yadda za a sa wanda bai taɓa gani ba ya ɗanɗana shi. Zai dai koyi dalilinsa ya kuma bayyana shi, kamar yadda masu ido ke koyon sautin jemage da kunnensu ba ya kamawa. Gwajin Rorschach na 1921, mai ɗigon tawada a takarda, ba zai gudanar da shi shi kaɗai ba. Wasu ma'aunan hankali kuwa an daɗe da gyara su: Samuel Hayes ya fitar da na makafi daga ma'aunin Binet tun 1930.

Sauran aikin shi ne na lura da yara, wanda akan tura ɗaliban malanta su yi a firamare. Dabarar da ke aiki ita ce a haɗa makaho da mai ido. Mai idon ya faɗi abin da yaro ya yi kawai, ya sunkuyar da kai, ya ture littafi, ya koma bayan aji, kada ya ce yaron ya yi fushi ko yana jin kunya. Fassarar ta makahon ce, ya haɗa da abin da ya ji a muryar yaron. Raba abin da aka gani da abin da aka zata shi ne darasin da ya fi ba ɗaliban wannan fanni wuya, ga shi larura ta tilasta wa waɗannan biyu yinsa tun ranar farko.

Duk wannan maganar wanda ya kai kwaleji ce. Kafin ya kai, sai da wani ya zaunar da shi yana ƙarami ya koya wa yatsunsa ɗigo shida, domin yatsan babba ya fi na yaro wuyar sabawa, ko da yake waɗanda suka makance da girma ma suna koyo a wurare irin Oshodi. A unguwannin 'yan Arewa na Ikko da Ibadan da Shagamu, shawarar tura yaro makaho makaranta ba ta iyaye kaɗai ba ce. Sarkin Makafi da limamin unguwa da Sarkin Hausawa duk suna da ta cewa, domin abin da yaron ke kawowa da yamma yana cikin kuɗin cefanen gidan. A lissafin kuma yara biyu ne, shi da ƙanensa mai ido da ke riƙe masa sanda, wanda shi ma ba ya zuwa aji muddin wansa na kan titi.